Kafin mu miƙa wa ɗan aiken kwamfuta ridinmu

Hausawa na cewa ɗan aike ba ya wuce saƙo. To amma idan saƙon ne ya zo a karkace, wa za a kama? Wannan tambaya ta zama tilas yanzu da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka wuce matakin manhajar da ke hira kawai, suka koma ƙera wadda ake aika: ta duba farashi, ta cike takarda, har ta tura kuɗi.

Yadda abin yake shi ne, wannan ɗan aike ba ya ganin kayan aikin da aka ba shi. Abin da yake gani ɗan bayani ne da wani mutum ya rubuta: sunan kayan, aikinsa, da abin da za a shigar masa. Kamfanin OpenAI ya buɗe wannan hanya a Yunin 2023, Anthropic kuma ya fito da tsarin MCP a Nuwamban 2024, wanda sauran manyan kamfanoni suka runguma. Ke nan ingancin aikin ya rataya ne a kan layi uku ko huɗu, waɗanda mai dukiya ba ya ma ganinsu.

Mu ɗauki misali daga gida. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ana sayar da ridi da kintar, wato wajen kilo 45. Amma da ka tsallaka Habasha, a Humera ko Matama, kuntal kilo 100 ne. Suna kusan ɗaya, awo daban. Duk manomin Fashaga ya san wannan, domin a bakin iyaka ya tashi. Manhaja fa? Idan mai rubuta bayani ya ce "farashin kintar" ya yi shiru, za ta zaɓi wanda ta ga dama, ta gaya wa manomin Shuwak cewa ridin ƙetare ya ninka nasa daraja, ko ta sayar masa da gumin damina a rabin kuɗi. Kada wani ya raina kuskuren awo. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani sashe ya yi lissafi da awon Ingila, wani kuma da na mita.

A ganina, da tambayoyi huɗu ya kamata a auna kowane bayani. Na farko, ya faɗi abin da kayan ke yi da wanda ba ya yi? Na biyu, ya fayyace awo da kuɗi: kintar ɗin wace ƙasa, fam ko bir, fadan ko hekta? Na uku, ya nuna aikin da ba a iya warwarewa, domin ɗan aike ya dakata ya tambayi mai gida? Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 cinikin jama'a da dama ya koma kan Bankak, kuma kowa ya san wahalar dawo da kuɗin da suka faɗa asusun da ba shi ba. Na huɗu, an karanta shi kaf? A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin, manhaja ta bi shi ta kwashe sirrin mai ita.

Wasu za su ce manhajojin suna ƙara wayo, za su gane da kansu. Alal haƙiƙa wayo ba ya maye gurbin labarin da ba a ba ka ba. Baƙon lebura komai basirarsa, sai an nuna masa iyakar gona.

Gwajin ma ba shi da tsada. A ba wa wanda bai taɓa ganin kayan ba bayanin, a ce ya yi aiki da shi. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne manhaja za ta yi kame-kame. Sannan a gwada ta da buƙatu na gaske, da Larabci da Hausa, yadda manomi ke magana.

Don haka ina kira ga bankuna, ƙungiyoyin manoma da na agaji: duk wanda ya kawo muku irin wannan manhaja, ku ce ya nuna bayanan da sakamakon gwajinsu, a zaunar da dillali da manomi su duba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka.