Iyaye, ku taya: aikin makaranta ma ana cinikinsa

Kwanan baya, cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo, wata baiwar Allah mai saida aya a kasuwar Cadawa ta bugo waya ranta a ɓace. Ɗiyarta da ke kwaleji an ba su aikin bincike na rukuni, wanda 'yan makaranta ke kira ekspoze, kuma mushe ya ce ba zai karɓi rubutun hannu ba, sai wanda aka buga a kwamfuta. Yarinyar ta yi aikinta tsaf a littafi, amma sai da uwar ta taɓa uwar kuɗi kafin aka kai shi shagon buga takardu. Da aka kawo, aka ce kuma a turo shi ta WhatsApp a matsayin Word.

Na tambaye ta ko ta je ta ga malamin. Ta ce ina ita ina ja da mushe. To, a nan gizo ke saƙa. Matar da za ta yi rabin awa tana ja-in-ja a kan dala biyar wajen sayen tiya guda, ita ce ke biyan jika ba tare da ta ce uffan ba in an ambaci makaranta.

Bari mu fayyace abin da ake nema. Word takarda ce ta kwamfuta wadda ake iya gyarawa, a goge, a ƙara, kuma rubuta shafuka da yawa da ita a ƙaramar salula wahala ce babba. PDF kuwa kamar hoton takarda yake, yadda aka tura shi haka zai buɗe a kowace waya. Yaro zai iya rubutawa da hannu, ya ɗauki hoton shafukan da wayar yayansa, ya haɗa su PDF guda, ba tare da an biya mai shago ko tamma ba. Mu ƙaddara shafi ɗaya dala hamsin ne bugawa da fitarwa: shafi takwas jika biyu ke nan, ban da kuɗin mota in sai an dangana da Agye ko Maradi. Tiya nawa za ki saida kafin ki ga ribar jika biyu?

Ba na cewa malamai mugunta suke yi. Wanda ke da aji cike maƙil, ga rubutun wasu yara kamar tafiyar kaza, dole ya so abin da zai karanta da sauƙi. Kuma gaskiya ne ɗan yau yana bukatar sanin kwamfuta. Amma in mai shago ne ya buga, wa ya koyi kwamfutar? Wani lokaci ma mai shagon ne ke kwaso aikin dungurungum daga intanet, yaro ya miƙa abin da bai taɓa karantawa ba, ya ci maki, wanda ya yi da guminsa a rage masa. Ranar jarrabawar BEPC ko ta bak kuwa, ba Word ba PDF, daga kai sai alƙalaminka.

Ga kuma maganar wuta. Ba mu manta watan Ogusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, sai a 2024 aka maido. Sharaɗin da ya dogara da wuta da kuɗin intanet bai kamata ya zama shi ke raba mai ci da mai faɗuwa ba.

Saboda haka, iyaye, ku taya. Ki je da kanki, ki gaida mushe da ladabi, ki ce: “Malam, me ya sa sai Word?” In don ya karanta da sauƙi ne, ki nemi a yarda yarinya ta sake kwafewa da rubutu mai kyau. In don ya ajiye a wayarsa ne, PDF ta wadatar. In dole sai an buga, to rukuni ya fitar da kwafi ɗaya a raba kuɗin, kuma a ba da mako biyu, ba a faɗa yau a ce gobe ba. In ya ce albarka, kada ki yi fushi, ai ciniki bai mutu ba.

Abin da ya fi, kada kowa ya tafi shi kaɗai. Akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai ta iyaye mata wato AME, akwai kwamitin kula da makaranta da muka saba kira COGES. Tun farkon shekarar karatu a zauna da darakta a yanke magana guda, a rubuta, a liƙa a ƙofar aji: rubutun hannu mai tsabta karɓaɓɓe ne, kuma ba a rage wa yaro maki don bai buga ba. Ba a cinikin biri a sama.

Malamaina, ku kuma ku duba. Mai sayen aya hannu yake sawa cikin buhu, ba ya tsayawa kallon ɗinkin bakinsa. A auna abin da ke kan yaro, daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.