KAFIN A SAYAR DA SHANUN HUƊA

'Yan'uwa manoma, a daminar bara wani dattijo cikin ƙungiyarmu ta wajen Kebbe ya yi ta tari wata da watanni. Ya sha maganin tarin fuka, bai ji sauƙi ba. Daga Tambuwal aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. 'Ya'yansa suka dawo da hoto da takarda mai cewa ciwon daji ne na huhu, amma kunya ta hana su tambayar likita ma'anarta. Kafin mako ya zagayo sun sayar da shanun huɗa biyu, shi kuwa mai ciwon ba a gaya masa kome ba. A ganinmu kuskure biyu ke nan.

Bari mu fara da hoton. Hoton ƙirji na farko inuwa kawai yake nunawa. Babban hoton da ake kira siti-sikan yana nuna girman ƙarin da inda ya kai. Amma ba a tabbatar da ciwon daji sai an ɗebi 'yar tsoka an gwada ta. In takarda ta ce mataki na 4, to ciwon ya bar inda ya fara, ya kai ɗaya huhun, ko hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. A wannan mataki ba a cika yin fiɗa ba. Maganin da ake sawa ta jijiya da gashi da na'ura sukan danne ciwon su rage wahala, amma da wuya su warkar.

Saboda haka, kafin a kai sa kasuwa, a tambayi likita abu uku. Wannan magani na warkarwa ne, ko na sassauci? Zuwa nawa za a yi Sakkwato, kuma nawa ne duka har da kuɗin mota? In ba a yi shi ba, me za a yi wa mai ciwo? Akwai abin yi: ana janye ruwan da ya taru a ƙirji, ana kuma ba da morfin don zafi da sarƙewar numfashi. Iyalin da suka zaɓi wannan ba su yar da nasu ba.

Na biyu, a gaya wa mai ciwo gaskiya cikin hikima. Jikinsa ne, shanunsa ne. Wataƙila yana da bashin da zai biya, ko wanda zai nemi gafararsa.

Mu 'yan ƙungiya kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu haɗa su da mai karatu ya raka su asibiti, mu yi musu gayya a gona, mu ziyarce su da addu'a. Masu shan taba kuma su ji: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce sanadin kusan kashi 85 cikin 100 na wannan ciwo.