Mujallar Ɗalibai Ce, Ko Ta Firinsifal?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda duk ya ji zafin maganata ya yi haƙuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zangon karatun da ya wuce an tura ni gwajin koyarwa wata makarantar sakandare wadda ba zan faɗi sunanta ba. Ran da na isa, firinsifal ya miƙo mini mujallar makarantar yana fara'a, ya ce aikin ɗalibansa ne. Takarda mai sheƙi, bango mai launi. Da na buɗe, shafin farko hoton gwamna, na biyu kwamishinan ilmi, na uku shi firinsifal ɗin, na huɗu mataimakansa. Sai a shafi na 9 na ci karo da rubutun ɗalibi. Sharhin edita kuwa, ina karantawa na san yaro ɗan shekara 17 bai rubuta wannan Turanci ba, daga baya kuma malamin Turanci da bakinsa ya gaya mini shi ya rubuta, aka liƙa sunan yaron a ƙasa. Hausa fa? Shafi biyu ne a can ƙarshe, kacici-kacici da 'yan karin magana, babu ƙugiya ko ɗaya, har ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata.

Na tara ɗalibai 14 da aka jera sunayensu a matsayin kwamitin mujalla, na tambaye su yaushe suka yi taro na ƙarshe. Suka dubi juna. Ashe ba su taɓa zama gaba ɗaya ba ko sau ɗaya! Editan shi ne shugaban ɗalibai, a wurin taron safe aka sanar da naɗinsa, kuma duk abin da aka tara yana cikin wayarsa shi kaɗai. 'Yan mata uku da ke cikin kwamitin aikinsu shi ne raba lemo ran ƙaddamarwa, ƙananan yara kuwa ɗaukar kujeru. Wata yarinya 'yar aji 2 ta nuna mini waƙar da ta ba da wata biyar da suka wuce, ba a buga ba, ba a mayar mata ba, ba a kuma ce mata uffan ba. Ta ce ta daina rubutu.

To, ni ban ga laifin yaron nan ba. Laifin na manya ne da suka ɗora masa rawanin da bai san nauyinsa ba. Aikin shugaban ɗalibai shi ne tsawatarwa da ba da horo, aikin edita kuwa saurare da lallashi, sai ka bi yaro mai kunya har ya fito da abin da ya ɓoye a bayan littafin lissafi. Yaron da ka sa ya durƙusa a rana da safe, shi zai kawo maka waƙarsa da yamma? Sa'an nan shugaban ɗalibai ɗan ajin ƙarshe ne, jarrabawar WAEC da ta NECO suna gabansa, ina ya ga sukunin bin marubuta? Da ya gama ya tafi da wayarsa, shi ke nan mujalla ta bi shi, baɗi kuma a sake sabon lale.

Abin takaici shi ne muna da abin koyi a gida, amma mun kau da kai. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Wani matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Da aka ga hannunsa aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sa'an nan da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 aka ba shi editan Hausa. Ku duba yadda abin ya bi tsari: rubutu aka fara gani, daga baya muƙami ya biyo. Bai kuma riƙe aikin shi kaɗai ba, akwai irin su Nuhu Bamalli a tare da shi, ga kuma wasiƙun masu karatu da jaridar ta ba fili sosai. Shi ya sa da ya bar kujerar jaridar ba ta bi shi ba, ta ƙara shekaru masu yawa tana fitowa.

Tun kafin wannan ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lasafta ginshiƙan mulki guda biyar, daga ciki akwai shawara, da barin tsanani, da hana shugabanci ga mai nemansa. Muna koya wa yara wannan a ajin tarihi, sa'an nan a ɗakin mujalla mu nuna musu cewa shugaba shi ne wanda babba ya nuna da yatsa, kuma ba ya shawara da kowa. Wanne kuke tsammani za su riƙe, abin da suka haddace ko abin da suka gani?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce in aka sakar wa yara mujalla za su zagi malamai, su rubuta shirme, su ta da tarzoma. Wannan tsoro yana da tushe, ban kuwa ce a kori malami daga ɗakin ba. Malami ya zauna a matsayin uban ƙungiya, ya karanta kome kafin a buga, in ya ga ƙazafi ko cin mutunci ya hana, ya kuma faɗi dalili a gaban kowa. Amma hana ƙazafi daban, rubuta wa yaro sharhi daban. In ɗalibi ya rubuta cewa famfon ɗakin kwana ya yi wata biyu ba ruwa, kuma gaskiya ne, to, a tura shi ya ji ta bakin hukumar makaranta, a buga duka biyun. Ƙorafin da aka hana shi shafi ba ya mutuwa, bangon bayan gida yake komawa, ko ya faɗa WhatsApp da Facebook inda babu suna, babu mai gyara, babu mai jin ta bakin wanda ake zargi. Za a kuma ce ai makaranta ke biyan kuɗin ɗab'i. A inda na je dai kowane ɗalibi sai da aka karɓi kuɗin mujalla a hannunsa, watau iyayensu suka biya aka buga hotunan manya.

Ga abin da nake kira a yi. 'Yan ƙungiya su zaɓi editansu da kansu, ba kamfe, ba rabon alewa, daga cikin 'yan aji 5 waɗanda suka yi aƙalla shekara guda suna aiki kowa yana gani. Mataimakinsa ya fito daga ajin da ke ƙasa da shi, domin kafin ya tafi ya bar magaji. A raba aiki kowa ya san nasa: mai tara labarai, mai gyaran Hausa, mai gyaran Turanci, mai zane da hoto, da ma'aji, kuma 'yan mata su riƙe waɗannan muƙamai kamar kowa. A zauna mako-mako. Rubutun da ba za a buga ba a mayar wa mai shi da bayanin inda ya gaza. Shi kansa edita rubutunsa ya bi ta hannun mai gyara, don ya ɗanɗana abin da yake ɗanɗana wa wasu. A ajiye kome a kwamfutar makaranta da kundin ƙungiya. In ba kuɗin ɗab'i, a fara da takarda biyu a allon sanarwa kowace Litinin. Magabatanmu da keken rubutu da injin gurza takarda suka yi nasu, da sannu-sannu kuwa ƙwana nesa ke zuwa kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun yaron da jarrabawa ta sa a gaba.

Yanzu sai in juyo kanmu, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu nawa ne a ƙungiyar nan muka taɓa zama gyaran shafi har dare? Mu nawa ne sai ran ɗaukar hoto ake ganinmu da babbar riga? Gobe mu ne za a tura makarantun nan, ko dai gwajin koyarwa, ko hidimar ƙasa, ko aikin dindindin, kuma malamin Hausa ake yawan jinginawa ƙungiyar marubuta. Ran da firinsifal ya ce ka rubuta sharhi a sa sunan yaro, me za ka ce masa? Ku kuma malamanmu masu zuwa duba mu a gwajin koyarwa, ina roƙon ku riƙa leƙa ɗakin mujalla kamar yadda kuke leƙa aji.

Ita yarinyar nan 'yar aji 2 na gyara mata ƙugiyoyin waƙarta, na liƙa a allon sanarwa ran Litinin. Kafin Juma'a yara 6 sun kawo mini nasu. Na bar makarantar a ƙarshen zango, ban kuwa san hannun wanda takardun suka faɗa ba.

Allah Ya sa mu gyara, amin. Wassalam.