Ƙawata shafi daban, iya gina shi daban

Tun da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, wanda aka ce zai horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, tallan koyon gina shafukan intanet ya cika Facebook ɗin nan. Abin farin ciki ne, ban ja ba. Amma yawancin ƙannenmu a bakin ƙofa suke tsayawa. An koyi HTML da CSS, an sa hoto yana juyawa, an ɗora a sitatus cewa an zama injiniya. Ka ce masa to, ga ɗalibai ɗari biyar, shafin nan ya karɓi sunayensu ya ajiye, ƙarshen zango ya fito wa kowa da sakamakonsa. Nan take sai ido ya raina fata.

Ni dai ra'ayina, duk mai son cin abinci da wannan sana'a ya fara da rumbun adana bayanai, tun kafin ma ya taɓa PHP.

Shafin intanet iri biyu ne. Akwai mai kama da allon sanarwa, abin da aka liƙa shi kowa zai gani. Akwai kuma wanda idan ka shigar da lambarka yake fito maka da naka kai kaɗai, kamar na JAMB ko na banki. Wannan babu wanda ya zauna ya rubuta maka shi. Wata manhaja ce a kan uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, take karɓar lambar, ta tambayi rumbu, ta haɗa amsar a lokacin ta turo wa wayarka. Mu da muka saba da ofis mun san tsarin nan: PHP shi ne akawun da ke zuwa ɗauko fayil, rumbun kuma shi ne rajista. Komai zafin naman akawu, idan rajista a hargitse take, fayil ba zai fito ba. A jarrabawar JAMB ta 2025 sai da ɗalibai sama da 370,000 a Legas da kudu maso gabas aka ce su sake zama, kuma matsalar daga ɓangaren uwar garke ta fito, inda ɗalibi ba ya gani.

Tsarin da MySQL da ire-irensa ke bi, wani ma'aikacin IBM mai suna Edgar Codd ne ya shimfiɗa shi a 1970. Gundarinsa shi ne kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya. Ma'aikata suna da jadawalinsu, ma'aikatu suna da nasu, albashi yana da nasa, sai a ɗaure su da lamba wadda mutum biyu ba za su taɓa yin tarayya a kanta ba. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ɗaya ne, takardar firamare ta ce Muhammadu, ta jami'a ta ce Mohammed, takardar ɗaukar aiki ta ce Muhammad. Idan da suna kake neman mutum, to mutum uku gare ka. Haka muke fama da Excel a ofisoshi, sashen kuɗi da kwafinsa, sashen mulki da nasa, an yi wa mutum ƙarin girma a ɗaya an manta a ɗayan, sai ranar ritaya rigima ta tashi, dattijo ya yi ta zarya da jakar takardu.

Layi ɗaya ne a SQL zai hana a shigar da lambar BVN guda sau biyu a jadawalin albashi. A 2016 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta ce an cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga albashin tarayya, kuma da BVN aka gano su. Na san wani zai ce ai IPPIS yana nan tun 2007 kuma ba a daina kuka ba. Gaskiya ne, kwamfuta ba ta hana mai riƙe da mabuɗi yin ɓarna. Amma rumbun da aka tsara da kyau yana iya ajiye wa ya canza me, da ƙarfe nawa. Takardar da aka zare daga fayil kuwa, shi ke nan ta tafi.

Akwai masu cewa PHP ya tsufa, a koyi Python ko Node. Duka biyun suna da kyau, wanda ya ga dama ya ɗauka. Sai dai yaren da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995 har yau shi ke ɗauke da WordPress, wanda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da shi. Wikipedia a kansa take, Facebook ɗin da kuke karanta wannan a kai da shi aka fara gina shi. Kuma masu bayar da hayar gurbin shafi mai araha, irin wanda makarantar unguwa za ta iya biya, kusan duk da PHP da MySQL suke zuwa. Ga wanda kuɗin data ke wa wuya, ka sauke XAMPP sau ɗaya, kwamfutarka ta zama uwar garke, ka yi wata uku kana koyo ba tare da intanet ba. Wuta kawai za ka nema. SQL ɗin da ka koya kuma ba ya ɓata, ko ka koma PostgreSQL gobe yana nan tare da kai.

Sai masu cewa ChatGPT zai rubuta komai. Zai rubuta abin da ka tambaye shi. Wanda bai san yadda ake raba jadawali ba, bai san abin da zai tambaya ba, kuma ba zai gane an ba shi ruɓaɓɓe ba. Misali, idan manhajarka tana ɗaukar abin da baƙo ya rubuta a fom ta liƙa shi kai tsaye cikin umarnin SQL, mai kutse zai rubuta nasa umarnin a gurbin suna ya kwashe rumbun gaba ɗaya. Maganin yana cikin PHP ɗin kansa, a tura umarni daban, bayanin baƙo daban. Haka kalmar sirri, ba a ajiye ta tsirara, akwai password_hash don wannan aikin. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, saboda haka wanda ya karɓi kwangilar shafin asibiti ya bar bayanan marasa lafiya a buɗe, ba kunya kaɗai ke jiransa ba.

Wani ƙaramin abu da darussan Turawa ba za su damu su gaya maka ba: ka saita rumbunka a kan utf8mb4 tun ranar farko. In ba haka ba, Ɗanladi da Ƙasimu za su iya fitowa da alamar tambaya a farkon sunansu.

Ga wanda ya ɗauki shawarar, kada ka fara da kwaikwayon Jumia. Je Islamiyyar unguwarku ka roƙi malam ya nuna maka littafin rajista. Zauna da takarda da biro ka fitar da jadawalin ɗalibai, na azuzuwa, na kuɗin wata, ka yanke shawarar abin da zai faru idan yaro ya canza aji a tsakiyar shekara, ko uba ɗaya yana biya wa yara huɗu. Sai ka warware waɗannan a takarda sannan ka buɗe kwamfuta. Idan ya fara aiki, ka riƙa kwafe rumbun zuwa wani wuri duk ranar Alhamis, kuma ka gwada mayar da kwafin ko sau ɗaya ne ka tabbatar yana buɗewa.