Barcin Tantin Mina: Darasin Da Ba A Koya Wa Maniyyatanmu A Wajen Bita



Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato muna tara maniyyatanmu a yi musu bita. Malam ya koyar da ɗawafi da sa'ayi, a ɗaura harami a gaban jama'a kowa ya gani, a yi bayanin guzuri da nauyin jaka. Wannan duk daidai ne, Allah ya saka wa malamanmu da alheri. Sai dai akwai abu guda da ban taɓa jin an tsaya a kansa ba, ko a nan Kudu ko a gida Arewa, wato yadda mutum zai kwanta ya samu barci a cikin tantin Mina. A ganina wannan babban giɓi ne, kuma dattawanmu da iyayenmu mata su suka fi shan wahalarsa.

Shekarar da Allah ya nufe ni da zuwa, katifata tana maƙwabtaka da ta wani dattijo ɗan kasuwa da muka taso jirgi ɗaya. Mutum ne mai ƙarfi, wanda ya saba sammakon kasuwa shekara da shekaru. Daren farko a Mina bai runtsa ba, domin katifarsa tana daidai bakin na'urar sanyaya tanti, ga shi ba abin da ke jikinsa sai harami. Ya yi kawaici bai gaya wa kowa ba. A Arfa ya yini yana tari. A Muzdalifa ya kwana zaune a kan jakarsa saboda bai zo da abin shimfiɗa ba. Ranar Sallah, a kan hanyar dawowa daga jifa, sai ya samu gefen titi ya zauna. Na ce, "Baba Alhaji, mu ƙarasa mana." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai da muka kai shi wurin likitoci aka ƙara masa ruwa, ya yi barcin awa kusan goma, sannan hankalinsa ya dawo. Allah ya tsare, ya kammala aikinsa lafiya. Amma tun daga ranar na daina ɗaukar maganar barci a Mina a matsayin ƙaramin abu.

Mu ƙirga kwanakin tare. Ranar 8 ga Zulhajji alhaji yana Mina, kuma sau da yawa tun daren 7 motoci ke fara kwashe mutane daga masaukansu na Makka, ka ga an riga an ci rabin wannan dare a jiran mota. A kwana a Mina, a yi sammakon Arfa ranar 9, a yini can har faɗuwar rana. Daga nan sai Muzdalifa, inda babu tanti, fili ne da tsakuwa. Gari na wayewa ranar 10 sai jifa da hadaya da aski, wasu har su wuce Makka su yi ɗawafi a ranar. Sannan a dawo Mina a ƙara kwana biyu ko uku, kullum da tafiyar jifa, wadda ga mafi yawan alhazanmu kilomitoci ce a ƙafa, zuwa da dawowa. Aikin da ya fi kowane nauyi yana zuwa ne bayan dare biyu ko uku na rashin isasshen barci. Wanda ya yi sakaci da daren farko, a hanyar jifa zai gane kurensa.

Ga kuma zafi. A 'yan shekarun da suka gabata Hajji ya riƙa faɗowa a tsakiyar bazarar Saudiyya. A 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin ƙasar sun sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba tare da izinin Hajji ba, ba su da tanti ba su da mota. Wannan ya nuna mana darajar wannan ɗan wurin kwanciya da muke rainawa. Mu da muka daɗe a Legas ko Fatakwal mun saba da zafi mai gumi, wanda riga ke jiƙewa mutum ya san yana asarar ruwa. Zafin Mina irin na Sakkwato ne ko Maiduguri a watan Afrilu, har ya fi. Gumi na fitowa yana bushewa, mutum bai ankara ba jikinsa ya ƙafe. Jikin da bai huta ba kuwa ba ya jure irin wannan.

Yanzu bari in kwatanta wa wanda bai taɓa zuwa ba yadda tantin yake. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 7 zuwa 8 daga Harami, an cika shi da fararen tantuna sama da 100,000. Tun bayan gobarar 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300, aka sauya su da irin waɗanda ba sa kama wuta da sauƙi, aka kuma hana girki da gas a ciki. Maza da nasu tantin, mata da nasu. A ciki an jera katifun soso sirara, faɗin kowacce bai wuce kafaɗun mutum da kaɗan ba, wannan na manne da wannan. In ka juya ka taɓa maƙwabcinka. Fitila a kunne, na'ura na hura sanyi, wani na waya, wani na minshari, wani na tsallake ƙafafun mutane zai tafi bayi. A nan ne za ka nemi barci.

Abu na farko shi ne wurin kwanciya. Da an shiga tanti kowa na rige-rigen kama katifa, masu ƙarfi su kama wuri mai kyau, tsofaffi su samu abin da ya rage. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Wanda ke yawan fita fitsari, kamar mai ciwon suga ko dattijo, a ba shi kusa da ƙofa, ya huta da tsallake mutane, mutane su huta da shi. Mai asma ko mai saurin kamuwa da mura a nisanta shi da bakin na'urar sanyi. Matasa su shiga tsakiya da lungu. Minti goma na wannan rabo ya fi awa uku na cacar baki da tsakar dare.

Na biyu, kaya. Duk abin da ka kawo Mina a kan katifarka zai kwana, babu wani wurin ajiya. Wanda ya zo da babbar jaka ya sayar da rabin makwancinsa. Ƙaramar jakar baya ta isa: harami na biyu, kaya marasa nauyi kala biyu, magunguna, sabulu mara ƙamshi, abin caji, mayafi mara nauyi da 'yar tabarmar roba mai naɗewa. Da dare jakar ta zama matashi, kuɗinka da katin Nusuk kuma suna jikinka ko ƙarƙashin kanka. Wanda hankalinsa ke kan jakarsa ba ya barci mai nauyi.

Na uku, sanyi. Mutane na mamaki idan aka ce sanyi na hana barci a Mina, alhali waje kamar tanda. Mutum ya shigo daga rana jiki da zafi, ya kwanta iskar na'ura na dukan ƙirjinsa har asuba, washegari sai mura da ciwon maƙogwaro. Shi ya sa na ce a zo da mayafi. Namiji mai harami zai iya lulluɓe jikinsa, amma ba ya rufe kansa, don haka kafin a tashi a tambayi malam iyakar abin da ya halatta, har da batun rufe ido da ƙyalle. Bayan an yi jifa da aski ranar Sallah an cire harami, wannan takurar ta wuce, mutum ya sa kayansa ya lulluɓa yadda yake so.

Na huɗu, abin da ke shiga ciki. A sha ruwa sosai da rana, kaɗan-kaɗan a kai a kai, a haɗa da ruwan gishiri da sukari na leda idan an yi doguwar tafiya, sai dai mai hawan jini ko suga ya fara jin ta bakin likita. Idan dare ya yi a rage, domin layin bayi a Mina yana da tsawo, musamman dab da lokutan salla, kuma na mata ya fi. Wanda ya shiga bayi bayan isha'i kafin ya kwanta ya ceci barcinsa. Shayi mai kauri da goro da yamma kuwa a haƙura da su na kwana biyar. Na san wannan maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, ni ma mai cin goro ne. Maganin barci kuma kada kowa ya karɓa daga hannun maƙwabci. Ana iya tayar da ku kowane lokaci a ce mota ta zo, mutumin da ƙwaya ta danne ba zai iya bin ayari ba.

Na biyar, kuma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne hayaniya. Za ka ga alhaji ƙarfe ɗaya na dare ya kira gida ta bidiyo, murya a sake, yana nuna wa iyalinsa tanti da mutanen da ke kwance. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, wato shi a wurin 'yan gida dare bai yi nisa ba, amma mutum hamsin da ke gefensa gobe za su taka kilomitoci a rana. Wani kuma ya kunna karatu ko wa'azi a waya ba tare da abin sawa a kunne ba, in ka yi magana ya ce kana ƙin alheri. Auduga ko abin toshe kunne na taimakawa, kuma ina ba kowa shawarar ya saya tun daga gida. Amma maganin gaskiya shi ne 'yan tanti su naɗa shugaba tun ranar farko, a yi yarjejeniya: bayan ƙarfe kaza a rage fitila, mai waya ya fita waje, caji kuma bi da bi.

Mu mazauna Kudu wannan ya fi shafarmu. Da yawanmu ta hukumar alhazai ta jihar da muke zaune muke tafiya, sai mu samu kanmu tanti ɗaya da 'yan uwanmu Yarbawa da sauran ƙabilu. Kowa da yadda ya saba. Abin da za a warware da kalma biyu sai ya zama rigima saboda ba a fahimci juna ba. Cikinmu akwai masu jin Yarbanci kamar harshen uwa, waɗanda aka haifa a Sabo ta Ibadan ko Agege. Su ya kamata su shige gaba a yi wannan yarjejeniya cikin raha tun kafin gajiya ta sa kowa ya zama mai saurin fushi.

Na san abin da wasu za su ce: "Hajji ai ba hutu aka je ba, wahalar ita ce ladan." Ina girmama masu wannan magana, amma ban yarda da su ba. Wahalar da aikin ya zo da ita daban, wadda mutum ya jawo wa kansa da sakaci daban. A hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim an bayyana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwanta a Muzdalifa har ketowar alfijir. Kuma an yi wa masu rauni rangwamen barin wurin tun da dare. Ranar Arfa ita ce ƙashin bayan Hajji. Mutumin da ya kwana hira a Mina, ya zo Arfa yana gyangyaɗi daga azahar har la'asar, me ya ci riba? Ya tara kuɗi shekaru, ya sayar da fili ko shanu, sannan ya yi barci a sa'o'in da ya zo dominsu.

Wasu kuma za su ce laifin hukumomi ne, su ke cusa mutane a ƙaramin wuri. Ƙorafin cunkoso gaskiya ne, kuma wanda ya biya miliyoyi yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka tanadar masa, ya kai kuka inda ya dace. Sai dai mu tuna Mina wuri ne mai iyaka a shari'a, kuma a 2024 mutum sama da miliyan 1.8 suka yi Hajji. Ko an gyara komai, katifar ba za ta zama gadon gidanka ba. Abin da ke hannunmu shi ne kayanmu da bakinmu da yadda muke bi da juna, kuma wannan ba ya jiran kowace hukuma.

Game da Muzdalifa, 'yar tabarmar nan ita ce dukiyarka. Da kun sauka kun yi magariba da isha'i, ku samu wuri nesa da hanyar motoci da bakin bayi, ku share tsakuwa, ku kwanta rukuni ɗaya, takalmi a cikin leda ƙarƙashin kai. Tsintar duwatsun jifa ba ta cin minti goma, kada a mayar da ita aikin dare. A kwanakin jifa kuma a riƙa ɗan barcin rana a cikin tanti lokacin da zafi ya fi tsanani, a fita a lokacin da aka tsara wa rukuninku.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu shi ne a bitar bana a ware zama guda domin wannan kaɗai. A shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci daidai faɗin katifar Mina, kowane maniyyaci ya zo da jakar da yake niyyar ɗauka ya kwanta da ita, ya gani da idonsa. A gayyato alhazai da hajiyoyin bara su faɗi abin da suka gani, a samu ma'aikacin lafiya cikin 'ya'yanmu ya duba masu suga da hawan jini. Sannan a haɗa kowane dattijo da matashi guda, kowace tsohuwa da mace mai ƙarfi, wanda zai riƙa tambaya kowace safiya: "Baba, ka samu barci kuwa?" Da na yi wa maƙwabcina wannan tambayar a daren farko, da mun sauya katifa kawai an wuce wurin.

Wanda ya taɓa zuwa kuma yana da dabarar da ta yi masa amfani, ya taimaka ya sanar da maniyyatanmu. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Waɗanda ba su je ba, Allah ya kira mu baki ɗaya.