Kafin ka tura kuɗin keke ta waya, fara zuwa wurin mai gyaran unguwarku

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, keken da matasa suka raina ya fara dawowa da darajarsa a Shinkafi. Duk mai hawa kabu-kabu kullum zuwa makaranta ko shago ya san dalili. Sai dai da yawanmu a waya muke cinikin: ka ga keke mai giya yana sheƙi a Facebook, ka tura kuɗi, ka zauna jiran direba daga Kano.

A ganina, wannan kuskure ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Keke mafi araha shi ne wanda mai gyaran unguwarku ke da kayansa, ba wanda ya fi kyau a hoto ba.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta buƙatar giya mai yawa, kuma rairayi da ƙura suna saurin cinye ta. Ranar da ta lalace, sai an aika Gusau ko Kano, kowa kuwa ya san halin da hanyar Kaura Namoda take ciki. Keke marar giya irin Phoenix kuwa, sarƙarsa da birkinsa da tayarsa ba sa wuyar samu, ga kariya mai ɗaukar jarka ko buhu.

Ban ce ka ajiye wayar ba. Yi amfani da ita ka kwatanta farashi, don kada a yi maka tsada. Amma biya sai ka hau. Ka tafi da mai gyara kasuwa ranar Alhamis, musamman idan na hannu za ka saya. Duba jikin ƙarfen ko an taɓa yi masa walda. Ɗaga keken ka juya taya, ka gani ko tana layi. Girgiza feda: idan tana motsi gefe da gefe, boris ya ci. Ka kama birki biyun. Sannan ka nemi rasit ko shaidu, domin keken sata ma araha yake.

Kada ka ƙarar da kuɗinka duka a kan saye. Rage na famfo, kwaɗo da fitila.

Hoto ba ya nuna walda. Hau tukuna, sannan ka biya.