Mu Gyara Yadda Muke Koyar da Darasin Ganye

'Yan'uwana malaman gobe, akwai wata magana da aka saba gaya wa yara a darasin tsire-tsire, wadda nake ganin ya kamata mu gyara. Akan zana ƙwayar halitta a allo, a nuna cibiyarta, watau nukiliyas, a ce ita ce sarki, saura duk bayi ne masu bin umarni. Wannan rabin gaskiya ne.

Ku dubi kuloroplas, 'yan korayen abubuwan nan na cikin ƙwayoyin ganye, masu haɗa ruwa da iska da taimakon hasken rana su yi sukari. Suna da nasu ɗan littafin gado mai umarni wajen 100, amma furotin da suke aiki da shi ya kai iri wajen 3,000, galibinsa kuwa da umarnin nukiliyas ake yinsa. To, yaya nukiliyas za ta san abin da ake bukata in ba a gaya mata ba?

Ashe kuwa ana gaya mata. Cikin 1979 wani masani a Ingila, Bradbeer, da abokan aikinsa, suka ga in kuloroplas na sha'ir ya lalace, sai wasu ayyukan da nukiliyas ke sa a yi su ragu. Cikin 1993 Joanne Chory da mutanenta a Amurka suka samo tsiron da saƙon nan ya yanke masa: kuloroplas ya lalace, amma nukiliyas tana ta ba da umarni kamar ba abin da ya faru. Sa'an nan cikin 2011 Barry Pogson da jama'arsa a Ostareliya suka gano ɗaya daga cikin manzannin, wani sinadari da ake kira PAP. Lokacin lafiya kuloroplas yakan rushe shi. In fari ya yi tsanani, ko rana ta yi yawa, sai ya taru, ya isa nukiliyas, ita kuwa ta tā da umarnin kare kai. Daga baya aka ga har yana taimakawa a rufe ƙananan ƙofofin ganye don kada ruwa ya tsere.

Wani zai ce wannan ya fi ƙarfin yara. Ni ban yarda ba. Ba sai sun haddace sunaye ba. Kowane yaro ya san in fari ya auku a ƙauye, dagaci ke kai labari gaba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuloroplas ke fuskantar rana, shi ne kuwa cikin masu fara jin wuya.

Yaranmu 'ya'yan manoma ne, sun ga gero yana ƙonewa a gona. In mun nuna musu tsiro yana da hanyar jin wahala da neman magani, watakila cikinsu a sami masu fito mana da iri mai jure fari. Saboda haka in kun zana kibiya daga nukiliyas zuwa kuloroplas, ku zana wata mai komowa. Allah ya taimake mu.